Tsuntsun da Na Ɗinka da Fatar Akuya

Yawancinku da kuke tsayawa a ƙofar shagona a Sabon Gari kuna leƙen mujiyar da ke kan kanta, magana ɗaya kuke yi: "Ai auduga ce kawai Baba Bulus yake cusawa." Ba na jin haushi, don ni ma abin da na ce ke nan ranar da kawuna ya ɗauko ni daga Wusasa ya damƙa ni a hannun Oga Okoro, ina ɗan shekara goma sha bakwai. Sana'ar ita ce a kawo maka tsuntsu ko ƙaramar dabba da ta mutu, ka feɗe ta, ka gyara fatar yadda ba za ta ruɓe ba, ka yi mata sabon jiki, ka tsayar da ita kamar tana numfashi. Makarantu suna saye don koyar da yara, malaman jami'a daga Samaru suna kawo nasu, mafarauta kuma suna son abin ajiyewa a falo.

Aikina na farko kurciya ce. Fatar kurciya kamar jiƙaƙƙiyar takarda take, gashinta kuma ko hura shi ka yi da ƙarfi sai ya zube. Na yaga ta wuri uku kafin in kai ga fuffuke. Da na gama ɗinki na tsayar da ita, wuyanta ya yi tsawo kamar na balbela, ƙafafunta sun koma can baya. Oga Okoro ya juya ta a hannu, bai yi faɗa ba. Shi mutumin kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri.

Ya ce, "Bulus, hannunka ya riga idonka. Ajiye askar nan. Je ka bayan gida ka kalli kaji."

Wata biyu na yi ina kallon kaji. Inda gwiwa take ɓuya a cikin gashi, yadda kaza take karkata kai idan ta ji shirwa, ƙafar da take ɗora wa nauyi idan za ta yi tono. A lokacin na ɗauka horo ne. Daga baya na gane rabin sana'ar ke nan. Duk wanda bai san yadda tsuntsu yake tsayawa da ransa ba, gawa zai tsayar, ko da ɗinkinsa ya fi na tela.

Sauran rabin yana cikin akwatin da Oga ya bar mini lokacin da tsufa ya kai shi gida: aska ƙarama mai bakin reza, almakashi biyu, hantsaki, filaya, waya kala huɗu daga siririya zuwa mai kauri, allura mai lanƙwasa, da kwalbar idanun gilashi. Tsaga ɗaya ake yi, daga ƙirji zuwa gindin wutsiya, ana barbaɗa garin katako don kada jini ko kitse ya taɓa gashi. A zare jikin kamar ana cire riga, a kankare kitse tas, a shafe cikin fatar da alif da wani farin garin magani da ake kira boraks. Sabon jikin kuwa ba auduga ba ce. Busasshiyar ciyawa ake dunƙulawa a naɗe ta da zare tamau, ana gwada ta da naman da aka cire har su zo daidai. Auduga wuya kawai take shiga da kumatu. Bayan haka sai yaƙi da ƙwari, wanda ba ya ƙarewa: kafur a kowace kusurwa, kuma kada ka kuskura kanta ta taɓa bango, don gara ba ta barci.

Akwai wani maharbi daga Shika, Malam Sani, da ya taɓa kawo mini shaho. Ya ce yana son a buɗe masa fukafukai, a wangame baki, a ɗaga ƙafa ɗaya, a kuma sa idanun su yi ja. Na ce, "Malam Sani, shaho ba ya yin duk waɗannan a lokaci ɗaya." Ya ce, "Nawa zai yi." Na yi masa yadda na san shaho yake zama a kan reshe, ya ƙi karɓa, ya tafi yana mita. Bayan sati ya dawo da ɗan'uwansa, suka tsaya suna kallo, ɗan'uwan ya tafa hannu don ya ga ko shahon zai tashi. Malam Sani ya rungumi shahonsa ya tafi, bai ƙara maganar jan ido ba.

Haka na yi ta yi shekara da shekaru, har shekarar murar tsuntsaye ta zo. Wasunku suna firamare a lokacin. Ana ta binne kaji a gonaki, mutane sun daina cin ƙwai, masu tsire sun daina gasa kaza. Ni kuwa ga ni da shago cike da tsuntsaye. Na yi bayani har na gaji cewa waɗannan sun shekara goma da bushewa, babu cutar da za ta zauna a fatar da ta sha alif. Ba wanda ya saurara. Makarantu biyu suka fasa aikin da suka ba ni. Mai sayar da burodi da ke kusa da ni ta ɗauke teburinta ta koma tsallaken titi. Ni kaina na daina karɓar sabon tsuntsu, don wannan tsoron gaskiya ne. Sai mai gidan da nake hayar shagon a wurinsa ya zo ya tsaya daga nesa, ya rufe hanci da hankici, ya ce ko in kwashe tsuntsayen ko in kwashe kaina. Na zuba su a kwali na kai gida. Shago ya zama ni da akwatin kayan aiki.

Matata Laraba ba ta zauna jira ba. Ta yi magana da yayanta da ke aiki a wata masana'anta a Chikaji, aka ce akwai gurbin mai gadin ƙofa, in zo farkon wata mai kamawa. Na ce to. Saura sati uku ke nan lokacin da Dakta Rifkatu ta shigo shagon.

Na san ta tun tana ɗaliba, tana kawo mini jemagu a gwangwani. Yanzu ta zama malama a sashen nazarin dabbobi, kuma ba ta daɗe da dawowa daga wani karatu a ƙasar waje ba. Ta gaishe ni, ta zauna a kan benci, ta fito da hotuna daga jaka.

Ta ce, "Baba, aiki na kawo maka. Amma babu tsuntsun."

"Ya ruɓe?"

"Yana nan da ransa, a can bayan duniya. Sunansa fengwin."

Na ce na san shi, ai shi ne ake zanawa a jikin firji da kwalin ƙanƙara. Ta ce wannan danginsa ne, amma nata a ƙasar zafi yake zaune, a wasu tsibirai da ake kira Galapagos a tsakiyar teku, inda rana take tsayawa a tsakar ka kamar ta Zariya a watan bazara. Ta yi watanni a can tana taya masu kula da su ƙirga da awo. Tana so ta zagaya makarantun Samaru da Sabon Gari ta nuna wa yara, amma hoto ba ya riƙe yaro minti biyu.

Na ce, "To ai da kin zo da fatar ko da guda ɗaya ce."

Ta ce, "Ko gashi ɗaya ba a fita da shi daga wurin. Sun yi ƙarancin da daga cikin kwalekwale ake ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ko gawa ka tsinta, a nan za ka bar ta. Kuma bana babu hedimastan da zai bari a shiga makarantarsa da gashin tsuntsu. Ina so ka ƙera mini shi daga babu."

Na ce mata ni ba mai yin 'yar tsana ba ne. Ta dubi kantocin da babu komai a kansu. Na karɓi hotunan.

Jikin farko kwana huɗu ya ɗauke ni. Hotunan nata daga nesa aka ɗauki yawancinsu, sai na cike gurbin da abin da na sani a jikin firji. Na dunƙula ciyawa na yi shi dogo har ƙuguna, ga tumbi, ya miƙe ya turo ƙirji kamar ɗan sanda a faretin safe. Da Dakta ta zo ta gani, dariya ta kama ta har ta dafa ƙofa.

Ta ce, "Baba, wannan in ka kai shi can, kafin azahar zafi ya kashe shi. Nawa kamu ɗaya ne tsayinsa, nauyinsa bai wuce na babban zakara ba. Ƙanƙantar ce take taimakonsa. Kuma ba ya miƙewa haka a rana."

"Yaya yake tsayawa?"

Ta fara kwatance da baki, na tsayar da ita. Na ce ni da ido nake aiki, tun da babu tsuntsun sai ita ta zama shi. Ta waiga ta dubi titi, ta ajiye jaka, ta gyara ɗaurin zane. Sai ga malamar jami'a a tsakiyar shagona ta ranƙwafa gaba, ta buɗe hannuwa gefe da gefe, ta sunkuyar da kai, tana haki da baki buɗe kamar kare.

Tana a haka take bayani. "Ka ga, yana buɗe fukafukan ne iska ta ratsa ƙarƙashinsu. Ranƙwafawar kuma inuwa yake yi wa ƙafafunsa, don babu gashi a kansu, dutsen wurin baƙi ne, rana tana ƙona su. In zafin ya yi yawa sai ya faɗa ruwa."

Na ce ta yi tafiyarsa, ta yi. Na ce ta juya, ta juya. Ina zane a bayan kwali da fensir. Wani mai gyaran rediyo da ke wucewa ya tsaya ya tambaya ko lafiya, na ce masa karatu muke yi.

A ranar ce ta ba ni labarin yadda tsuntsun sanyi ya iya zama a ƙasar zafi. Akwai wani ruwa mai sanyi da yake tasowa daga ƙarƙashin teku a gefen tsibiran, yana tahowa da ƙananan kifaye. Da shi suke rayuwa. Amma wasu shekarun ruwan yakan ɗumama, kifin ya ɓace, iyaye su bar ƙwai a rami su tafi neman abinci, da yawa ba sa dawowa. Ta ce tsofaffin ma'aikatan wurin sun gaya mata akwai shekarar da suka zagaya gaɓar da suka saba ganin garke, suka dawo da lissafin da bai cika shafi ɗaya ba. Kamar wannan bai isa ba, jiragen ruwa sun kai musu ɓeraye da kyanwoyi, waɗanda a da babu su a tsibiran. Ɓera yana shan ƙwai, kyanwa tana ɗauke 'ya'ya, ragar masunta kuma tana shaƙe manya. Aikin masu kula da su shi ne ɗana tarko, da hana kamun kifi kusa da ramukan, da binciken duk jirgin da ya iso.

Na ce, "Ashe su ma suna da mugunyar shekara."

Ta ce, "Suna da ita. Abin da ake tsoro shi ne ta riƙa zuwa a kai a kai, kafin su farfaɗo daga ta baya."

Jiki na biyu ya zauna daidai. Baki na fere shi daga ƙahon saniya da na samo a kwata. Fukafukan, waɗanda ba na tashi ba ne, na iyo ne, na yanka su daga ƙirgi mai kauri. Ƙafafu waya ce na lulluɓe da robar tayar keke. Abin da ya tsaya mini shi ne sutura. Na gwada karan-miski, ya fito kamar matashin kujera. Na gwada fenti a kan yadi, ya fito kamar tulu. Kwana biyar suka tafi a haka, Laraba tana tuna mini cewa yayanta ya riga ya ba da sunana a Chikaji.

Na koma wurin Dakta a ofis na ce, "Kin ce kin riƙe shi da hannunki lokacin awo. Me hannunki ya ji?"

Ta ce ba kamar kaza ba ne. Gashin gajere ne, a cushe, mai tauri da santsi, in ka shafa daga kai zuwa wutsiya hannunka zamewa yake yi, in ka shafa baya kuma ya tokare ka.

Ina kan hanyar komawa, a tashar Samaru, wata akuya ta gifta da ɗanta baƙi wuluk, ruwan sama ya jiƙa shi yana sheƙi. Na bi shi na kama na shafa bayansa, mai akuyar tana tambayata ko saye zan yi. Washegari na shiga cikin birni wurin wani majemi da yake yin buzu, wanda ya iya jima ba tare da ya cire gashi ba. Na zaɓi fatun 'yan awaki, baƙaƙe da farare. Na kai wa mai askin unguwarmu ya bi su da kilifa, ya rage gashin ya zama tsawon ƙwayar shinkafa. Ya ce tun da ya fara aski bai taɓa samun mai zama shiru irin wannan ba.

Na shafa wa guntu ɗaya ɗan man kaɗanya, na kai wa Dakta, na ce ta rufe ido. Ta shafa gaba, ta shafa baya, ta sake shafawa.

Ta ce, "Baba, ina ka samo wannan?"

Na ce, "A tashar Samaru yake kiwo."

Ɗinkin ne ya ci ido. Dole kowane guntu gashinsa ya kwanta daga kai zuwa wutsiya, in ka juya ɗaya haske zai tona ka. Baya baƙi, ciki fari, da baƙaƙen layuka biyu da suka gitta ƙirji. Akwai wani farin layi siriri da ya taso daga bayan ido ya zagayo ƙarƙashin maƙogwaro, faɗinsa bai fi na tsinken ashana ba. Sau uku ina yanka shi yana tsinkewa. A gindin baki kuma akwai wurin da babu gashi, fata ce ja-ja da zafi yake fita ta nan, sai na aske wurin tas na taɓa shi da fenti. Guda biyu na yi: ɗaya a tsaye yana yi wa ƙafafunsa inuwa, ɗaya a kwance cikin rami a kan ƙwai biyu na katako. Dakta ta ce a kogon baƙin dutse mai huji-huji suke yin ƙwai don gudun rana. Na je wurin maƙera na ɗebo kashin maƙera buhu guda, na gina kogon da shi. A bakin kogon na sa ɓera yana leƙe. Shi kaɗai ne na gaske a duk aikin, Laraba ce ta kama shi a ɗakin girki.

Laraba ta zo shagon ranar da na gama. Ta zagaya su sau biyu, ta ce, "Baban Ladi, wannan ai hankaka ne da ya ƙoshi." Amma ta zauna ta jira zuwan Dakta, don ta san a bakin Dakta maganar Chikaji take.

Dakta ta shigo, ta tsaya a ƙofa. Sannan ta durƙusa gaban na tsayen, ta ɗan karkata masa kai da yatsa zuwa hagu.

Ta ce, "Haka yake kallon mutum. Da ido ɗaya, kamar ya san ka amma ya manta sunanka."

Na danna wayar wuyan ta zauna a haka. Dakta ta miƙe ta ce wa Laraba, "Mama, ki yi haƙuri, ba zai samu zuwa gadin nan ba. Ina da jerin tsuntsaye takwas, na nan gida, waɗanda yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Gauraka ce ta farko. Kuma ba na so a harbo ko ɗaya."

Laraba ta ce ita za ta san abin da za ta faɗa wa yayanta.

Daga wannan aikin ne sana'ata ta sake hanya. Har yau ina feɗe tsuntsun da mota ta buge ko wanda ya mutu don kansa, amma wanda aka harbo don a kawo mini, na daina karɓa. Malam Sani ya yi fushi na wata shida, daga baya ya zama shi ne mai gaya mini yadda gauraka take taka rawa a fadama, don ya fi kowa kallonta.

Saɓani ɗaya muka samu da Dakta. Ita tana so a yi musu akwatin gilashi, ni na ce a bar su a fili. Ta ce yara za su lalata su. Na ce ai ita ma sai da ta taɓa ta gane. Ta ce to, in sun lalace gyara a kaina. A bayan babur aka riƙa kai su makarantu cikin kwalin talabijin, daga Samaru zuwa Unguwar Gabas, ita tana ba da labarin ruwan sanyi da ɓera, yara suna layi.

Bayan shekara biyu wata malamar firamare ta kawo mini na tsayen a nannaɗe cikin zane. Tun daga ƙofa take ba da haƙuri. Ta buɗe, sai ga kansa ya yi sanƙo, fatar tana sheƙi, babu gashi ko ɗaya daga goshi zuwa ƙeya.

Ta ce, "Baba, wallahi mun hana su. Kowane yaro sai ya shafa masa kai kafin ya wuce. Wasu har sallama suke yi masa."

Na duba ɗinkin, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Na ce ta dawo ranar Asabar, kuma ta daina hana su. Na ɗauki hulata na tafi cikin birni neman fatar ɗan akuya. Zuwa yanzu sau huɗu ke nan ina sake masa kai.